Kafin Waƙa Ta Shiga Faifai

A zamanin su Narambaɗa da Jankiɗi da Ɗanƙwairo, waƙa ba ta isa gidan rediyo sai ta riga ta sha rerawa a gaban mutane. An yi ta a ƙofar fada, an yi ta a hawan salla, an maimaita ta a gidan biki, an ga inda jama'a suka yi tsit da inda suka koma hira da juna. Ɗan waƙar da bai kama ba a zubar da shi, wanda ya sa basarake ya gyara zama a ƙaro masa ɗan'uwa. Abin da muke ji yau a tsofaffin kaset, har muna mamakin yadda kowace kalma ta zauna daram a gurbinta, ba zubin farko ba ne. Kunnuwa masu yawa sun riga sun tace shi.

Na ɗauko zancen ne saboda yaranmu da ke waƙa don kansu a yanzu, waɗanda ba su da kamfani, ba su da ubangida, sai waya a hannu da ɗan kuɗin sitidiyo. Da yawansu sun ɗauka wahalar da suke sha sabuwa ce. Alhali kuwa mawaƙin Hausa tun asali shi ke ƙirƙira, shi ke neman inda za a yi wasa, shi ke tallan kansa, shi ke raba wa yaransa abin da aka samu. Tsarin nan na Amurka da Ingila, inda kamfanin faifai ke ɗaukar mawaƙi ya ɗauke masa dukkan ɗawainiya, bai taɓa yin saiwa a ƙasar Hausa ba. Saboda haka duk abin da magabata suka gano a wannan hanya, gado ne na mai waƙa don kansa.

Makaɗan fada daga gindi suke farawa. Gindin waƙa shi ne 'yan layukan nan da ake komawa gare su bayan kowane ɗa, kuma shi ke cin mafi yawan lokaci. Jagora zai zauna da yaransa a zaure, ya jefo shi, su karɓa. In bakinsu ya yi tuntuɓe, ko sai an maimaita musu an sake maimaitawa kafin su riƙe, ba a wucewa gaba, sai a rushe a sake. Hujjar a fili take. Abin da 'yan amshi suka kasa kamawa nan take, su da sana'arsu ke nan, ta yaya mai tallan goro da ke wucewa zai tafi da shi gida a bakinsa? Sai gindi ya zauna sannan a shiga 'ya'ya, kuma ba jagora kaɗai ke aikin ba. Duk wanda ya saurari Musa Ɗanƙwairo da kyau zai ji yadda yaransa ke karɓe layi daga bakinsa su ƙarasa, su yi ƙari, su ba shi sararin numfashi, kotso na tafe a ƙasa ba ya danne kowa. Irin wannan saje ba ya samuwa a dare ɗaya.

Za a ce mini ai Mamman Shata ba ya zaman shirya waƙa, nan take yake yin ta. Haka ne, an san shi da wannan baiwa. Sai dai yaron da ke kafa hujja da Shata don ya shiga sitidiyo hannu rabbana, ba takarda ba shiri, ya manta abubuwa biyu. Na farko, an haifi Shata a Musawa a 1923, ya fara waƙa tun yana saurayi a dandali, ya kuma ci gaba har rasuwarsa a 1999. Abin da ake kira "nan take" ɗin nan yana fitowa ne daga rumbun da aka yi shekaru ana cikawa da sunayen garuruwa, da asalin mutane, da karin magana, da kirari. Na biyu, masu kalangunsa sun san shi ciki da bai. Kafin ya juya sun san inda zai juya. Sannan a duba amshinsa: galibi layi ɗaya ne, gajere, wanda ko yaro ya ji sau ɗaya ya riƙe. Ko mai yi nan take, ashe bai yi wasa da gindi ba.

Koyon sana'ar ma tafiya ce mai nisa. Yaro kan fara da ɗaukar kayan kiɗa, ya koma amshi, ya daɗe a nan yana kallon yadda maigidansa ke karanta fili. Wannan karatun fili shi ne ilimin da na fi jin takaicin ɓacewarsa. Mawaƙi ba ya isa gari ya buɗe baki haka kawai. Akwai sanƙira ko wani daga cikin yara da zai riga shi shiga mutane, ya jiyo wane ne mai bikin, ɗan wane ne, su waye manyan baƙi, wa ke gaba da wa don kada a haɗa sunansu a ɗa guda. Ba a fara wasa da waƙar da ta fi kowace zafi. Ana ɗumama wuri tukuna, a bari mutane su taru, a ajiye babbar sai an ga fili ya cika. In aka ga hankali ya fara watsewa, a gajarta, a sauya kiɗa. Kuma duk wannan, kafin lasifika ta yawaita, da ƙarfin maƙogwaro ake yi, shi ya sa suka iya fitar da harafi. Ba za ka ji tsohon mawaƙi yana cinye ƙarshen kalma ba, domin na can bayan fili ma ya zo ne ya ji abin da ake faɗa.

Kuɗin kuwa a filin yake. Kyautar basarake, doki ko riga ko hatsi, daga baya mota da kujerar Makka. Liƙin 'yan biki. Yawon kaka, lokacin da manomi ya sayar da gyaɗa ko auduga aljihunsa ya yi nauyi. In an tashi a zauna a raba, jagora ya ɗauki kasonsa, makaɗa nasu, 'yan amshi nasu. Ƙungiyar da rabonta ba ya tafiya daidai ba ta daɗewa, kuma kowa a sana'ar ya san haka.

In ana neman wanda ya fi kama da yaron yau mai waƙa shi kaɗai, to Ɗanmaraya Jos ne, Allah ya jiƙansa. An haifi Adamu Wayya a Bukuru a 1946, ya tashi maraya, ya kama kuntigi, ɗan ƙaramin abin kiɗa mai tsirkiya ɗaya wanda ake iya yin ƙoƙonsa da gwangwanin kifi a rufe da fata. Ba 'yan amshi, ba makaɗa, ba fadar da ya jingina da ita. Shi ne jagora, kuntigin ke yi masa amshi. Da wannan ya zaga ƙasashen duniya. Abin lura a wurinsa shi ne yadda ya mayar da rashi ya zama salo. Tunda ba shi da ƙungiyar da za ta cika kunne da sauti, sai ya cika waƙar da magana: karen mota, zaman aure, gulma, halin ɗan'adam. Ya zaɓi mutanen da babu mai yi musu waƙa, ya yi musu, su kuwa suka riƙe shi har ya bar duniya a 2015. Haka Barmani Choge ta Funtuwa, da ƙwarya da muryoyin mata 'yan'uwanta, ta mallaki cikin gida, filin da maza makaɗa ba su da ikon shiga. Ni dai a ganina babu darasin da ya fi wannan amfani ga mai ƙaramin ƙarfi: ya san su wa yake yi wa waƙa, ya san abin da ke damunsu, ya daina jiran ranar da zai sami kayan aiki irin na wane.

Da na'ura ta zo, ba ta sauya wannan tsari nan da nan ba. Faifan garmaho na farko ba ya ɗaukar fiye da minti uku ko ɗan sama da haka a kowane gefe, don haka mawaƙin da ya saba kwashe rabin dare a waƙa ɗaya dole ya zaɓi 'ya'yan da suka fi ƙarfi ya bar sauran. Kamfanoni irin su EMI sun buga faifan wasu daga cikinsu. Amma abin da ya kai muryarsu kowane lungu shi ne Rediyon Kaduna, wanda aka buɗe a 1962, ake kama shi har Nijar da Kamaru da Gana. A ɗakin ɗauka kowa da kowa ke tsayawa lokaci guda, mawaƙi da makaɗa da 'yan amshi, a ɗauka daga farko zuwa ƙarshe. Wanda ya yi kuskure ya jawo wa kowa sakewa. Ba don kuɗin rediyo ake zuwa ba, don suna ne: a ji ka a shirin zaɓi-sonka yau, gobe a aiko daga wani gari ana neman ka zo biki.

Kaset ya ƙara faɗaɗa abin. Duk mai rikoda yana iya ajiye ta a gaban makaɗa a wurin biki ya ɗauka, wani ya kwafa daga wurinsa, mai shago a tasha ya kwafi ɗari ya sayar. Waƙoƙin su Haruna Uji da Garba Supa da Sani Sabulu da yawa ta haka suka yaɗu, da kukan jariri da hayaniyar 'yan biki a cikinsu. Mawaƙan ba su cika damuwa ba, tunda kaset ɗin talla yake yi musu kyauta, abincinsu yana fili. A lokacin lissafin ya yi daidai. Illarsa sai daga baya ta bayyana, domin a nan ne jama'a suka saba da cewa waƙar da aka ɗauka ba ta da mai ita.

Babban juyi ya zo ne a Kano a shekarun 1990. Bayan fim ɗin Turmin Danya na 1990, harkar finafinan bidiyo ta buɗe, aka fara sa waƙa a ciki, sitidiyo irin na Iyan-Tama suka shigo da fiyano ƙirar Yamaha mai ɗauke da sautuka iri-iri a cikinta. Da fim ɗin Sangaya na kamfanin Sarauniya ya fito a ƙarshen shekarun, waƙarsa ta game gari, sai kowane furodusa ya gane cewa waƙa ce ke sayar da fim. Mutum ɗaya a gaban fiyano ya maye gurbin masu kalangu da mai goge da mai sarewa. Mawaƙi zai shigo ya rera wa makiɗi karin, a haɗa kiɗa, ya shiga ɗaki ya ɗora murya, mace ta zo ta ɗora tata, kafin dare waƙa ta kammala.

Ba na cikin masu cewa wannan zamani ɓarna kawai ya kawo. Ya buɗe ƙofa ga yaron da ba a haife shi a gidan kiɗa ba, wanda iyayensa ba za su taɓa barinsa ya rataya ganga ba amma za su kau da kai in ya shiga sitidiyo. Ya fito da muryoyi irin su Rabi Mustapha da Misbahu M. Ahmad da Sadi Sidi Sharifai, ya jawo Fati Nijar daga Maraɗi zuwa Kano. Ya kuma kawo mawaƙi mai riƙe alƙalami, mai auna ƙafiya da ma'auni a takarda, irin Aminu Ala. Wannan riba ce ta gaske.

Amma an yi asara biyu, kuma har yau ana biyan bashinsu.

Ta farko, tsari ya kife. A da jama'a ke fara jin waƙa sannan a ɗauke ta. Yanzu ana ɗaukar ta babu wanda ya ji sai makiɗi da abokai biyu da ke zaune a sitidiyo, waɗanda ba za su taɓa ce maka ba ta yi ba. Gindin da bai zauna ba sai a lulluɓe shi da kiɗa. Muryar da ta kauce, da kwamfuta ta shigo, sai na'ura ta daidaita ta. Waƙa ta fita, ranar da aka gayyaci mai ita wasa sai a kunna faifan ya riƙa motsa baki, in wuta ta ɗauke ya tsaya yana kallon mutane. Maganin wannan bai fi ƙarfin kowa ba. Kafin ka kai kuɗinka sitidiyo, ƙanena, rera waƙar da bakinka kawai, ba kiɗa, a gaban mutanen da ba sa jin kunyarka: 'yan majalisa, matan gidanku, 'yan biki in ka sami dama. Washegari ka saurara ko akwai wanda ke maimaita gindin bai sani ba. In babu, waƙar ba ta nuna ba, kuma babu makiɗin da zai nunar maka da ita. Ka kuma ce wa makiɗinka ya fitar maka da kiɗan zalla, ba murya, ka riƙa atisaye a kansa har ka iya yin waƙar a tsaye, numfashinka bai yanke ba.

Asara ta biyu ta fi ciwo, ita ce ta mallaka. A tsarin fim, mawaƙi kan sayar wa furodusa waƙa kacokan, a ba shi kuɗinsa a hannu, shi ke nan. Furodusa ya buga kwalayen fim ya kai wa 'yan kasuwa a Ƙofar Wambai tare da uwar kaset, su kwafa su sayar, a biya shi gwargwadon kwalin da ya tafi. Waƙar ta yi tashe, a fitar da ita a kaset ɗin sauraro, a sake sayarwa, masu kallo kuma fuskar jarumin da ya hau waƙar suka sani, ba sunan wanda ya rera ba. Mawaƙi ya zama kamar manomin da ya sayar da gonarsa a kan kuɗin buhu ɗaya na abin da za ta yi ta ba shi shekara da shekaru. Ba duka laifin 'yan kasuwa ba ne. Su ma suna zuba jari, su ma masu satar fasaha na cin su. Abin da ya faru shi ne an shigo da waƙa kasuwa da tunanin zamanin fili, inda faifai talla ne kawai, alhali yanzu faifan ne hajar.

Sai waya ta zo ta rushe kasuwar gaba ɗaya. Layukan salula sun shigo Najeriya a 2001, 'yan shekaru kaɗan bayan haka wayoyi masu ɗaukar memori suka cika hannu. Masu tura waƙa suka kafa tebur da kwamfuta a bakin kasuwanni da tashoshi, ka ba da 'yan canji a cika maka memori, kai kuma ka tura wa abokinka ta Bluetooth. Faifan CD ya daina tafiya. Su Nura M. Inuwa da Umar M. Shareef da Nazifi Asnanic sun yi zamanin da kundin waƙoƙi ke fita da sunan mawaƙi da hotonsa, jama'a na jira, amma ko su ba cinikin faifai kaɗai ya riƙe su ba. Abin da mawaƙa suka koma yi shi ne abin da kakanninsu suka yi: waƙar amarya da ango da ake biya kafin a yi, waƙar sarauta, waƙar siyasa, wasan salla. Fili ya dawo da matsayinsa. Wanda ya iya tsayawa gaban mutane ya ci gaba da cin abinci, wanda a sitidiyo kaɗai ya iya waƙa aka daina jin ɗuriyarsa.

Yau hanyar fitar da waƙa ta fi kowane zamani sauƙi. Audiomack na karɓa kai tsaye, Spotify ya shigo Najeriya a 2021, akwai kamfanonin da ke raba waƙa zuwa manhajoji da yawa a kan ɗan kuɗi. Waƙar Jaruma ta Hamisu Breaker ta nuna a 2020, lokacin kullen korona, cewa 'yan daƙiƙoƙi na gindin waƙa a bidiyon waya sun isa su kai ta inda rediyo bai taɓa kaiwa ba. YouTube kuma yana raba kuɗin talla da mai tasha in ya tara mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a cikin wata goma sha biyu. Ma'ana, a karon farko waƙar da aka ɗauka tana iya ci gaba da kawo wa mai ita kuɗi yana barci. Sai dai mai ita ɗin wane ne? Ina ganin yara suna kai sabuwar waƙa ga mai babbar tasha, suna roƙo ya ɗora musu don a san su, su tafi suna murna da yawan masu kallo. Masu kallon nasa ne, kuɗin ma nasa ne. In za a ba wani ya taya talla, a fara ɗorawa a tashar kai, a ba shi guntu ya nuna hanya. Mai aiki a Kano kuma ya tuna akwai Hukumar Tace Finafinai da aka kafa a 2001, wadda hurumin aikinta ya haɗa da waƙoƙi. Gara ya san ƙa'idarta kafin fitarwa da ya ji ta daga baya.

Doka tana bayan mawaƙi fiye da yadda yake zato. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda ta maye gurbin ta 1988, ta ba shi haƙƙin waƙarsa daga lokacin da aka rubuta ta ko aka ɗauke ta, ba sai ya yi rajista ba, ko da yake kai ta Hukumar Kare Haƙƙin Mallaka ta Ƙasa na ƙara masa hujja ranar gardama. Haƙƙin baiti da kari yana nan har shekara 70 bayan rasuwar mai shi, wato waƙoƙin Shata suna da masu su har 2069, duk da cewa da yawansu na zaune a tashoshin mutanen da ba su haɗa komai da gidansa ba. Sannan dokar ta ce sayar da haƙƙi ba ya tabbata sai a rubuce.

Inda rigima ta fi tashi yanzu shi ne tsakanin mawaƙi da makiɗi, kuma kusan kullum bayan waƙa ta yi tashe ne. Kafin nan "Oga" ne da "yarona", ana cin abinci a kwano ɗaya, kowa na jin nauyin ɗauko maganar kuɗi. A ɗauko ta tun ranar farko. Takarda ɗaya ta isa: sunan waƙa, wanda ya rubuta, wanda ya yi kiɗa, ko kuɗin da aka biya na aiki ne kawai ko makiɗi na da kaso a abin da za ta kawo, kuma kaso nawa. In akwai mace ko wani da ya ɗora murya, a sa sunansa da abin da aka yi da shi. Kowa ya sa hannu, shaida biyu su sa, kowa ya ɗauki hoton takardar a wayarsa. Kada kuma a bar sitidiyo da waƙar da aka matse aka turo ta WhatsApp kaɗai. A karɓi cikakkiyar, a karɓi kiɗan daban da muryar daban, a ajiye a wuri biyu, domin kwamfutar sitidiyo tana mutuwa, sitidiyon ma yana tashi.